A bar wa MGB injinta

A Ingila, mai son farfaɗo da tsohuwar motar gudu a garejin gidansa yawanci da MGB yake farawa. An ƙera sama da guda 500,000 a garin Abingdon tsakanin 1962 da 1980, shi ya sa har gobe kayan gyaranta ba sa wuyar samu.

Yanzu kuma wani yayi ya shigo: a ciro injin da tankin mai, a dasa batura da injin lantarki. Abin ya ƙara farin jini a 2018, lokacin da Yarima Harry ya ɗauki amaryarsa a Jaguar E-type da aka mayar ta lantarki. Ni dai wannan yayi bai kwanta mini ba ko kaɗan.

Ai daɗin aikin duka a injin yake. MGB kafireta biyu gare ta, ƙirar SU, kuma dole su riƙa shan iska daidai wa daida. Sai mai motar ya ɗauko guntun tiyo, ya kara baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireta. Ya saurari wannan, ya saurari waccan, yana murɗa ƙusa a hankali har shuuu ɗinsu ya zama ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa kan tsohon bakanike yana saita Fijo 504 da kunne ya san irin gwanintar da nake nufi, kuma ita nake jin tsoron a rasa.

Aikin tsatsa kuwa yana nan, da lantarki ko babu. MGB ba ta da shasi daban, ƙarafunan ƙasan ƙofa ke riƙe da ita. Kafin a yanke ruɓaɓɓen a yi walda sai an tokare gurbin ƙofar da ƙarfe, in ba haka ba bodin ya lanƙwashe, ƙofa ta ƙi rufuwa. Mutum ya sha wannan wahalar, sannan ya miƙa motar ga wani kamfani ya sa mata akwatin batura mai wutar da za ta iya kisa, wanda ba shi da ikon buɗewa da sifanarsa?

Masu yayin suna kafa hujja da hayaƙi, kuma hujja ce. Amma waɗannan motoci ba kullum suke hawa titi ba, yawanci sai ƙarshen mako in rana ta fito. FIVA, ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, ta faɗa tun 2019 cewa motar da aka mayar ta lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi. Ina bayanta a kan haka.