Ɗakin jinka daban, soro daban: gyara ga masu cewa ginin gargajiya ba ya jin girgizar ƙasa

Ka taɓa cin karo da maganar nan a Facebook, wai ginin kakanninmu na ƙasa ya fi na siminti jure girgizar ƙasa? Magana ce mai daɗin ji, amma an haɗa gine-gine biyu da ba su da hali ɗaya an kira su da suna ɗaya.

Ɗauki ƙauyukan Basirka a Gwaram. Duwatsun da ke wannan shiyya, irin na Dutse da Shira da Ningi, saiwoyin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, waɗanda suka mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Ba za su farka ba. Amma ƙasar Najeriya takan motsa jefi-jefi: ta yi a Kwoi a 2016, ta yi a Mpape ta Abuja a 2018. Saboda haka tambayar ba ta banza ba ce.

Girgiza ba danna gini take yi ba, jijjiga shi take yi gefe da gefe, kuma gwargwadon nauyin gini, gwargwadon ƙarfin da zai fizge shi. Tubali kuwa gwani ne wajen ɗaukar kaya daga sama, rago ne in aka ja shi. A nan ɗakin jinka zagayayye ya yi sa'a. Bangonsa gajere ne, ba shi da kusurwa inda tsagewa ke fara kamawa, rufinsa ciyawa ce da kara. Ko ya faɗo maka, da wuya ya wuce rauni.

Soro fa? An jera azara, an lafta mata ƙasa mai kauri, duk shekara a ƙara yaɓe. Azarar zaune kawai take a kan bango, ba a ɗaure ta ba. Bango ya ɗan buɗe, rufin ya sauko gaba ɗaya kan masu barci. Gidajen ƙasa masu nauyin rufi ne suka binne mutane a Bam ta Iran a 2003, inda fiye da mutum 26,000 suka rasu, haka kuma a ƙauyukan tsaunukan Atlas na Maroko a Satumban 2023. Su ma ginin kakanni ne.

Abin da ya fi damuna, yabon nan yana rufe bakin gyara. Injiniyoyi a Peru sun gwada gidajen ƙasa a kan teburin jijjiga, sun ga cewa ɗamarar katako a saman bango da raga a jikinsa suna hana rushewa farat ɗaya. Ba sai an koma siminti ba. Bulo mara rodi ma faɗuwa yake yi.

A Basirka dai ruwa ne ke fara cin gindin bango kowace damina, kuma bangon da gindinsa ya zaizaye ba ya buƙatar babbar girgiza kafin ya kwanta.