"Maraba da Soja" a Ajin Ƙaramar Sakandare: Sharhi Kan Darasin 'Yan Mazan Jiya

Kowace shekara, ranar 15 ga watan Janairu, Nijeriya kan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya. A zamanin Turawa ranar 11 ga Nuwamba ake yin wannan biki, kamar yadda ake yi a Ingila, amma daga baya aka mayar da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ranar takan faɗo daidai lokacin da makarantu suka komo daga hutu, saboda haka a wasu makarantu akan ce wa malamin Hausa ko na zamantakewa ya yi wa yara bayani a kai. Malamin Hausa kuwa ba ya shan wahalar neman abin da zai karanta, domin waƙar Malam Sa'adu Zungur ta "Maraba da Soja" tana nan a hannu. Wannan sharhi zai dubi yadda akan tafiyar da darasin, musamman a unguwannin da ke kewaye da masana'antun Bompai a Kano, wato Gwagwarwa da Tudun Wada da Gama da Dakata da Birget, inda maganar tsohon soja ba labarin nesa ba ce ga yaro.

Tsarin da aka saba da shi gajere ne. Malami zai rubuta 'yan baitoci a allo, yara su rera, sannan a ba su rubutun da za su kwafa: sunan mawallafi, garinsu Bauchi, shekarar rasuwarsa 1958, jigon waƙa kuma "yabon sojoji". Idan jarrabawa ta zo, wanda ya rubuta "yabon sojoji" ya ci. Ba za a ce amsar kuskure ce ba, gama akwai yabo a waƙar, kuma yabo ne na zuciya ɗaya. Illar ita ce an ɗauki ƙaramin jigo an ɗora shi a mazaunin babba, an kuma rufe littafi tun kafin a kai inda mawaƙin ya nufa.

Duk wanda ya bi waƙar zuwa ƙarshe zai ga tana da hawa biyu. A hawa na farko Malam Sa'adu yana tarbar sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu, yana jinjina musu. A hawa na biyu sai ya juya ga kalmar da Turawa suka yi ta amfani da ita wajen ɗaukar soja, wato 'yanci, ya auna ta da halin da mutanen ƙasa ke ciki na talauci da danniya, ya nuna cewa 'yancin da bai taɓa waɗannan ba sunansa kawai ke nan. Wannan juyi shi ne ƙashin bayan waƙar, kuma ya dace da mutumin da ya rubuta ta. Malam Sa'adu ya yi karatu a Kwalejin Katsina da ta Yaba, ya kafa ƙungiyoyin tattaunawa a Zariya da Bauchi, ya riƙe sakataren jam'iyyar NCNC, daga baya ya zama ɗaya daga cikin jiga-jigan NEPU. Mutum irin wannan ba zai tsaya ga kirari ya tashi ba. Ya yi amfani da tarbar soja a matsayin ƙofa, ya shiga da tambayar da hukuma ba ta so a yi: wanda ya zubar da jini don 'yancin wasu a Bama, wane 'yanci ya tarar a gida? Littafin Dandatti Abdulƙadir na 1974 kan rayuwa da waƙoƙin Sa'adu Zungur ya daɗe a ɗakunan karatu, don haka ba rashin abin dubawa ne ya hana malamai ganin wannan ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne yabo ya fi sauƙin koyarwa, ya kuma fi sauƙin makawa a takardar jarrabawa.

Ko hawan farkon ma ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, domin yaro ɗan shekara 13 ba zai ji nauyin maraba ba sai ya san daga inda aka dawo. Sojojin Nijeriya suna cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a watan Fabrairu na 1941, suka nausa cikin Habasha. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan suka shiga dazukan Bama don yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, ta 82 ta bi ta yankin Arakan, suka haɗu a Myohaung a watan Janairu na 1945. Wasu bataliyoyin Nijeriya kuma aka haɗa su da dakarun Chindit a 1944. Yawancin waɗannan mutane manoma ne da ba su taɓa ganin teku ba. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a jikin barikokin ƙasar nan: barikin Chindit a Zariya, barikin Arakan da na Myohaung da na Dodan a Legas. A Kano ma barikin Bukavu sunan wani gari ne a Kwango, ƙasar da sojojin Nijeriya suka yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964. Yaron Kano yana jin sunan Bukavu a bakin direban a-daidaita-sahu kullum, amma da wuya a taɓa gaya masa dalilin sunan. Taswira ɗaya da minti goma sun isa.

Inda darasin ya fi yin asara, ga malamin harshe, shi ne wajen kalmomi. Hausa tana da sunaye da yawa ga mutum guda, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. "Mazan jiya" kalmar girmamawa ce, ta fito daga tsohon kirarin jarumai tun kafin a san bindigar Bature, kuma ita ce rediyo da gwamnati suka ɗauka. "Tsohon soja" ita ce ta bakin titi, takan zo da ɗan zolaya, ana nufin mutum mai tsauri ko mai saurin fushi. "Kurtu", wadda asalinta sabon ɗauka ne, ta koma abin da ake jifan wanda ake ganin bai waye ba. "Ɗan bariki" kuwa ta bar gidan soja gaba ɗaya ta zama sunan wanda ya yar da tarbiyyar gida. Yaro ya san duk waɗannan kafin ya shiga aji. Idan malami ya ba shi "mazan jiya" kaɗai, ya yi kamar sauran ba su wanzu ba, yaron zai fahimci cewa akwai maganar makaranta akwai ta gaskiya, kuma ba zai yi wuyar zaɓar wadda zai riƙe ba.

Ga kuma tarin kalmomin da soja ya shigo da su, waɗanda suka zauna daram a harshen: soja, bariki, hafsa, samanja, saje, kofur, kyaftin, fareti. Kowace tana nuna yadda bakin Bahaushe ya sarrafa baƙuwar kalma, ya raba baƙaƙen da suka cunkushe, ya ƙara wasali a ƙarshe, ya haɗe kalmomi biyu suka zama ɗaya kamar a "samanja". Hausa ce harshen da hafsoshin Turawa suka daɗe suna magana da shi da sojojinsu, har aka sami nau'in nan da manazarta ke kira Barikanci, Hausar da ta zubar da bambancin jinsi da yawancin ƙa'idojin karin sauti don wanda ba Bahaushe ba ya iya ta da sauri. Darasin aron kalmomi yana cikin manhajar Hausa, amma sau da yawa akan koyar da shi a wani zangon daban da jerin misalai busassu, ba tare da an danganta shi da mutanen da suka ɗauko kalmomin ba.

Dalilin da ya sa harshe ya rabu biyu a kan soja yana cikin tarihin Kano kanta. Rundunar da ta fasa birnin ranar 3 ga Fabrairu, 1903, a ƙarƙashin Kanar Morland, hafsoshinta ne Turawa, amma masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, da yawansu masu jin Hausa. Wannan runduna ce ta ragargaza Satiru a 1906, ita ce kuma ta girma ta je Bama, daga baya ta zama sojan Nijeriya. Ga Bakanon wancan zamani, soja bawan Nasara ne, kuma ba kowane gida ke yarda ɗansa ya shiga ba. A farkon Oktoban 1966 kuma wasu sojojin bataliya ta 5 da ke Kano sun yi tawaye, suka kashe 'yan kudu maso gabas a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa. Ba a ce a juye wa ɗan aji biyu duk wannan a rana ɗaya ba, kuma malamin da ya yi taka-tsantsan da batun 1966 a ajin da ke da 'ya'yan kabilu daban-daban yana da hujja. Amma labarin 1903 yana cikin abin da yaran Kano ke ji a gida, kuma ana iya nuna musu cewa girmama wanda ya sha wuya a fagen fama bai hana a tambayi wanda ya aike shi da abin da aka aike shi yi ba. Graham Furniss ya yi nazarin waƙoƙin Hausa na yaƙin basasa a 1991, kuma wanda ya jera irin waɗannan waƙoƙi kusa da ta Malam Sa'adu zai ga bambanci: su an yi su ana tsakiyar yaƙi don ƙarfafa gwiwa, ita kuwa an yi ta ne a lokacin lissafi.

Lissafin nan shi ne ya kawo maganar Bompai. Ita ce unguwar masana'antu ta farko a Kano, kafin Sharaɗa da Challawa, kuma a shekarun 1960 da 1970 ta cika da masaƙu da matatun man gyaɗa da kamfanonin fata da na alewa. Paul Lubeck ya yi nazarin leburorinta a littafinsa na 1986. A ƙofar irin waɗannan kamfanoni akwai wani ma'aikaci da ba a cika lissafa shi cikin leburori ba, wato maigadi, kuma aikin gadi na daga cikin 'yan ayyukan da aka fi neman tsohon soja dominsu, saboda ya saba da tsayuwar dare da bin umarni. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1964, ita ma ta daɗe tana samar wa mambobinta wannan aiki. Mutumin da ya ratsa Kaladan ko ya ƙetare Kwara a Anacha ya ƙare yana buɗe wa motar manaja ƙofa yana sara masa. Ba abin kunya ba ne, sana'a ce ta halal, amma ita ce amsar da zamani ya bayar ga tambayar Malam Sa'adu. Tun farko ma sojan Afirka bai sami albashi da kuɗin sallama daidai da takwaransa Bature ba. A ɓangaren Faransa abin ya fi muni, domin a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba, 1944, an buɗe wuta a kan sojojin Afirka ta Yamma da suka nemi a biya su haƙƙinsu. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Da masana'antun Bompai suka fara rufewa daga ƙarshen shekarun 1980, har gadin ma ya yi ƙaranci, aka bar tsofaffi da jiran fansho.

Saboda haka a ajin da ke Gwagwarwa ko Dakata ba mamaki a sami jikan maigadin da ya yi yaƙin basasa, ko ɗan wanda ya je Laberiya da ECOMOG a 1990, ko marayan da mahaifinsa ya kwanta dama a yaƙin Boko Haram. Waɗannan yara sun san abin da "mazan jiya" ke ci da abin da suke bin gwamnati. Idan aka tsayar da su suka rera yabo, aka tsallake baitocin da suka yi maganar talauci, an cire musu daidai wurin da waƙar ta san da zamansu.

Akwai masu ganin cewa hawa na biyu ya yi wa ɗan ƙaramar sakandare nauyi, a bar shi sai babbar sakandare ko jami'a. Ta fuskar kalmomi akwai ƙamshin gaskiya, domin Hausar Malam Sa'adu cike take da aron Larabci, kuma sai malami ya yi aikin warwara. Ta fuskar ma'ana kuwa hujjar ba ta da ƙarfi. Yaron da ke sayar da ruwan leda a bakin titin Haɗeja bayan an tashi daga makaranta ba ya bukatar a fassara masa talauci. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin yaran ba za su wuce aji uku ba, don haka abin da aka ce a ajiye musu sai gaba ba za su taɓa karɓarsa ba.

Wasu makarantu sukan gayyato tsohon soja ya yi wa yara magana, kuma wannan ya fi rubutun allo nesa ba kusa ba. Sai dai yadda akan shirya shi yakan mayar da baƙon abin kallo: ya zo da kaki da lambobi, ya yi fareti, yara su tafa, a ba shi lemo ya tafi. Da malamin Hausa zai sa yara su shirya tambayoyi tun da wuri, su tambaye shi garinsu da dalilin shigarsa soja, da waƙoƙin da suke yi a kan tafiya, da kalmomin bariki da suka mutu, da aikin da ya yi bayan sallama, su ɗauki muryarsa a waya su rubuta da daidaitacciyar Hausa, da an haɗa adabin baka da insha'i da tarihi a zama ɗaya. Lokacin yin haka da mutanen Bama ya kusa ƙurewa ko ya ƙure, domin wanda yake da shekara 18 a 1945 an haife shi ne a 1927. Waɗanda suka shiga yaƙin basasa suna samari a 1967 su ne suka rage da ɗan yawa, kuma mafi ƙanƙantarsu ya haura shekara 70.