Kafin a ƙara wa ƙaramar mota ƙarfi, a fara gyara ƙafarta

Masu ƙananan motocin wasanni a Turai da Amurka da Japan sun ɗauko wata ɗabi'a da nake goyon baya. A da, da zarar mutum ya sayi tsohuwar Mazda MX-5, burinsa bai wuce ya ɗaura mata turbo ba. Yanzu da yawa sun koma ƙarƙashin mota, suna fara canza difarenshal na baya zuwa irin wanda ke hana taya ɗaya yin juyin banza, wanda ake kira LSD a taƙaice. A ganina wannan shi ne daidai, ko da yake wasu sun fara wuce gona da iri.

Duk wanda ya taɓa tura motar da ta kafe a taɓo da damina ya san matsalar. Taya ɗaya na ta juyi tana watsa wa mutane laka, ɗayar kuwa tana zaune a kan busasshiyar ƙasa ko motsi ba ta yi. Difarenshal na gama-gari ke jawo haka. An yi shi ne don tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, kuma yana raba ƙarfin juyi daidai wa daida. To, idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa, ɗayar ma ba za ta samu fiye da abin da mai santsin ta iya ɗauka ba. A kan kwalta ma haka ne. Direba ya shiga kwana da gudu, nauyi ya koma kan tayar waje, ta ciki ta yi sakayau. Yana taka totur, sai ta kama ƙara da hayaƙi, inji na ihu, mota ba ta gaba.

Mota mai nauyi tana iya ɓoye wannan aibi. Ƙarama ba ta iya ɓoyewa. MX-5 ta farko, wadda aka nuna a Chicago a 1989, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, injinta lita 1.6 ne, ƙarfinsa wajen doki 115. Mai irin wannan mota ba shi da rarar ƙarfin da zai zubar a kwana. Idan ya ƙara turbo bai taɓa aksul na baya ba, ƙarin hayaƙi kawai ya saya. Kamfanin Mazda ya san da haka. Wasu motocin farko sun zo da LSD mai aiki da ruwan silikon mai kauri, wanda ke yin sanyi idan ya tsufa. Daga 1994, da aka kawo inji mai lita 1.8, sai aka koma Torsen, wanda Ba'amurke Vernon Gleasman ya ƙirƙiro. Shi wannan haƙoran giya ne zalla ke aiki a cikinsa, babu faifan da zai cinye, babu man musamman da yake nema. Shi ya sa masu tsohuwar 1.6 ke farautarsa a wurin 'yan gwangwan. Sai dai ba ya shiga shi kaɗai: dole a haɗa da farfela da sandunan aksul na 1.8, domin girmansu ba ɗaya ba ne. Wanda bai sani ba zai sayo kaya ya tarar rami bai dace ba.

Inda nake rabuwa da masu wannan yayi shi ne wurin zaɓi. Samari suna kallon bidiyon masu zamiya da mota a filayen Japan, sai su sayo LSD mai faifan kuloci na Cusco ko Kaaz ko OS Giken, irin mai kullewa ko an taka totur ko an saki, su sa a motar zuwa aiki. Kaya ne masu kyau, amma na fili ne. A cikin gari yana ƙwas-ƙwas idan za a yi fakin, yana son canjin mai a kai a kai, faifansa na ƙarewa. Motar da ke yawo a titi Torsen ko Quaife na Ingila ya ishe ta. Raunin irin wannan LSD ɗaya ne: idan taya ta tashi sama gaba ɗaya, ba ya taɓuka komai, abin da ba kasafai yake faruwa a kan kwalta ba.

Mafi muni su ne masu kai difarenshal wurin mai walda a liƙe haƙoransa, wai an samu LSD a arha. Wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce. Tayoyin biyu sun zama dole su yi gudu ɗaya, mota na turjiya a kwana, taya na cinyewa, sandar aksul na shan wahala. Ranar da aka yi ruwa kuwa, bayan motar zai iya wuce gabanta kafin direba ya ankara.

Ko LSD na ƙwarai ma yana canza halin mota. Da na gama-gari, idan ka zarce da totur, taya ɗaya ce ke zamewa, ɗayar na riƙe da kai. Da LSD, biyun na iya sakin ƙasa tare, kuma tsohuwar MX-5 ba ta da kwamfutar da za ta kawo ɗauki. Sannan ba kowace ƙaramar mota ke buƙatarsa ba. Lotus Elise ta 1996 ta fito ba tare da shi ba, domin injinta na bayan direba, nauyinsa na danne tayoyin baya.

Mai ƙaramar mota da injinta ke gaba, tayoyin baya ke ja, shawarata gare ka ita ce ka fara da tayoyi masu kyau, ka sa Torsen, ka je fili a rufe ka koyi sabon halinta a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Maganar turbo ta jira tukuna.