Val d'Orcia: A Shiga Gari Ta Ƙofarsa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sharhin yawon buɗe ido, wai zuwa ƙauyukan Tuskani asarar kuɗin mota ce. Hujjarsu biyu. Ta farko, yaya mutum zai sha wahalar biza, ya biya kuɗin jirgi, sannan ya bar Roma da Fulorens da Benis ya tafi kallon gonar alkama? Ta biyu ta masu ganin kansu wayayyu ce, wai karkarar nan duk shiri ne, gyara ta aka yi don kyamara, har bishiyoyin dasa su aka yi don su fito a hoto. Ta farkon ba ta cancanci dogon martani ba. Wanda ya ƙare yininsa a layin gidan tarihi don ya hango zane ta saman kafaɗar wani, shi ya san abin da ya gani. Ta biyun ce ke da ƙanshin gaskiya, kuma ita zan bi, domin masu ita sun ga abin daidai, hukuncin ne suka yanke a karkace.

Wurin da nake nufi shi ne Val d'Orcia, kwarin kogin Orcia da ke kudu da Siyena, inda Pienza da Montalcino da San Quirico da Radicofani kowanne ke zaune a kan tudunsa. Baƙi sun daɗe suna ratsa shi. Hanyar masu ziyarar ibada daga arewacin Turai zuwa Roma, Via Francigena, ta nan ta bi, kuma a shekarar 990 babban limamin Kantabari, Sigeric, ya rubuta zangunan da ya yada a hanyarsa ta komawa gida, San Quirico na cikinsu. Siyena ta mulki kwarin a ƙarni na 14 da na 15. Da birnin ya faɗi a 1555, masu kishin jamhuriyarsa suka fake a Montalcino suka dage har 1559. Daga nan kwarin ya zama wurin wucewa kawai. Zuwa karkara don ita kanta sabon abu ne: dokar da ta ba manomin Italiya damar saukar da baƙi a gonarsa ta fito a 1985, UNESCO ta sa Pienza cikin wuraren tarihi na duniya a 1996, kwarin gaba ɗaya kuma a 2004. Tsakanin nan fim ɗin Gladiator na shekarar 2000 ya ɗauki gonakin da ke ƙarƙashin Pienza ya nuna wa duniya, motocin safa suka biyo baya.

Ziyarar da nake karewa tana da ƙa'ida guda. A bar mota a gindin tudu, a hau da ƙafa ta farar hanyar tsakuwa, a shiga gari ta ƙofarsa, sai an kai tsakiya sannan a juya a dubi inda aka fito. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Zariya ba sai an yi masa bayanin ƙofar gari ba, ya san ita ke nuna daga ina hatsi ke shigowa da kuma ta ina ake tsoron hari. Motar safa kuwa a gefen gari take sauke mutane, su kutsa ta inda ya fi kusa da wurin fakin, su sayi cuku, su koma. Waɗannan su ne ke dawowa suna cewa ba su ga komai ba sai hoto.

Bari mu ɗauki Pienza, tunda a nan ƙa'idar ta fi nuna amfaninta. Ƙauye ne da ake kira Corsignano, a nan aka haifi Enea Silvio Piccolomini a 1405. Ya zama Fafaroma Pius na Biyu a 1458, ya dawo ya ga garinsu a 1459, bai ji daɗin abin da ya gani ba, ya ɗora wa magini Bernardo Rossellino aikin sake gina tsakiyarsa. Kafin ƙarshen 1462 an tsarkake babban cocin, an sauya wa garin suna. A ƙasan tudu akwai tsohon cocin ƙauyen, Pieve di Corsignano, inda aka yi wa Pius baftisma yana jariri, ginin dutse mai duhu da hasumiya kewayayya. Daga nan ya kamata a fara. Mai hawa daga nan bayan garin yake fara gani: ƙeyar babban coci ta leƙo kan gangare, ga barandun fadar Piccolomini hawa uku suna fuskantar kwari. Tun kafin ya kai ƙofa ya gane cewa mai ginin nan ya juya wa ƙauyensa baya ne ya fuskanci gonaki.

Ya shiga ta Porta al Prato, titi guda ne ya ratsa garin, ƙunci gare shi, warin cukun tumaki na tashi daga shago zuwa shago. Titin yana da ɗan lanƙwasa, saboda haka dandalin ba ya nuna kansa daga nesa, sai mutum ya zo daf yake buɗewa a hannun dama. Abin da zai fara ba shi mamaki shi ne ƙanƙantarsa. Taku kaɗan ya ratsa shi. Gini huɗu ne suka kewaye shi: coci a gaba, fadar Piccolomini a dama da rijiya a gindinta, fadar bishop a hagu, ofishin hukumar gari a baya. An shimfiɗe ƙasa da jan bulo, an raba shi gida-gida da layukan farin dutse, yadda ido zai iya auna tazara ba tare da ya san yana aunawa ba.

Dabarar Rossellino tana cikin bangon gefe biyu. Bai ja su a miƙe ba, ya ware su, suna ƙara buɗewa yayin da suke nufar cocin. Wannan ya yi aiki biyu. Fuskar cocin ta matso ta cika ido, ta fi girmanta na gaskiya kwarjini. Sannan aka samu giɓi a kowane gefensa, kuma ta giɓin nan sararin sama da kwari suke shigowa dandali. Kana tsaye a tsakiyar gari, bango ta ko'ina, amma ga hasken fili yana kiranka ta kafaɗun coci. Masu littattafan jagorar baƙi sun fi son yabon fuskar cocin da farin dutsenta. Ni ban ga abin a zo a gani a fuskar ba, akwai irinta da suka fi ta a wasu garuruwan. Giɓin nan biyu su ne aikin. Ka bi na dama ko na hagu, taku kaɗan ka fito kan bango, kwarin duka ya baje a gabanka har dutsen Amiata, tsohon dutse mai aman wuta da ya kai mita 1,738. A nan ne wanda ya hawo da ƙafa yake cin ribar guminsa, domin hanyar da yake kallo ya san tsakuwarta, ya san wace gona ce aka girbe, wane gida ne babu kowa a ciki.

Ginin bai fita ba tabo ba. Don a samar wa dandali wuri sai da aka tura cocin har bakin gangare, kan ƙasar laka mai motsi, kuma tun daga farko ya fara tsagewa. Ka shiga ka nufi wajen bagadi, ƙafarka za ta gaya maka daɓen yana gangarawa kafin idonka ya ga tsagar bango. Pius da kansa ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa cewa maginin ya ninka kuɗin da ya yi alkawari, amma maimakon hukunci sai ya yi masa kyauta, a kan cewa da ya faɗi gaskiyar kuɗin tun farko da ba a yi ginin ba. Maginan yau za su so ubangida irin wannan.

To, mu koma ga masu cewa duk shiri ne. E, shiri ne, wa ya musa? Amma shirin ya girmi kyamara nesa ba kusa ba. A fadar hukumar Siyena akwai zanen bango da Ambrogio Lorenzetti ya yi a 1338 zuwa 1339 kan sakamakon mulki nagari. Rabin bangon birni ne, rabi karkara, ganuwa da ƙofa a tsakiya, mahaya na fita, manoma na shigowa da jakuna da kaya. Masu mulkin Siyena a ƙarƙashin wannan zane suke zama, kuma haka suke so ƙasarsu ta kasance. Ko layin dogayen bishiyoyin nan sirara da ke hawa tudu a karkace kusa da gandun La Foce, wanda ya cika katunan hoto, a ƙarni na 20 aka dasa shi, bayan Antonio da Iris Origo sun sayi gandun a 1924 suka shiga gyaran ƙasar da zaizaya ta cinye. Babu gonar da ba hannu ne ya tsara ta ba. Tambayar da ta dace ita ce hannun wa, kuma ina masu hannun suke yanzu.

Nan ne maganar take. Ɗaruruwan shekaru noman kwarin na raba-daidai ne, abin da suke kira mezzadria: mai ƙasa ya ba da gona da gida, manomi da iyalinsa su yi aikin, a raba amfani biyu. Shi ya sa gidajen ke warwatse, kowane tudu da gidansa guda, domin dole iyali su zauna a kan gonar da suke nomawa, shanu a ƙasa mutane a sama. Gonar wancan zamani cakuɗe take, alkama da inabi da zaitun a fili ɗaya, don gida ya ci da kansa. Bayan yaƙin duniya na biyu matasa suka watse zuwa masana'antu, doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar raba-daidai a 1964, gidaje suka zama kango. Makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka zo da tumakinsu suka sayi ƙasa da arha, kuma cukun da Pienza ke alfahari da shi yau yana da hannunsu a ciki sosai. Katafila ta baje tuddan laka da yawa, tarakta ta share iyakokin gonaki. Faffaɗan filin alkamar nan mai santsi da baƙi ke tsayawa ɗauka, ƙasa ce da mutanenta suka tafi suka bari. Mai leƙe ta tagar mota ba zai san haka ba. Mai tafiya a ƙasa zai wuce gida uku, ɗaya rufinsa ya rufta, ɗaya an mai da shi masaukin baƙi da wurin ninkaya, ɗaya kare na haushi, ya fahimci tarihin shekara sittin ba tare da an karanta masa ba.

Saboda haka ban yarda da jerin fifikon da aka saba yi ba, Montalcino a sama saboda giyarta, wadda yawancinmu ba ta shafe mu ba, Bagno Vignoni na biye saboda tafkin ruwan zafin da ke zaune a inda dandali ya kamata ya kasance. Ni Monticchiello nake sawa a gaba, ƙauye mai ganuwa da ake hangowa daga Pienza. Tun 1967 mutanensa suke rubuta wasan kwaikwayo da kansu su taka shi da kansu a dandalin ƙauye duk lokacin zafi, Teatro Povero, kuma jigonsa rayuwarsu ce: mutuwar noman raba-daidai, tafiyar 'ya'yansu, zuwan baƙi da kuɗinsu. Sun fara shi ne a daidai lokacin da ƙauyen ke zubewa, don kada a wayi gari babu mai ba da labari. Pienza fafaroma ne ya tsara yadda za a kalli gonaki daga sama. A Monticchiello jikokin waɗanda suka nome gonakin ne ke faɗin nawa kallon ya ci musu.

Wanda ke da yini ɗaya tak a kwarin nan, ya fara daga tsohon cocin Corsignano da safe, ya hau Pienza, ya gangara ta farar hanya zuwa Monticchiello. Ya riƙe ruwa da hula, domin inuwa ta yi ƙaranci a hanyar, kuma idan an yi ruwan sama lakar tana kama takalmi.