Spitfire na allon fom: inda Flite Test suka yi daidai da inda suka bar mai koyo a duhu

Duk wanda ya taɓa neman yadda ake haɗa ƙaramin jirgin sama mai rimot a YouTube, da wuya bai ci karo da Flite Test ba. Tasha ce da ta fara a 2010 a jihar Ohayo ta Amurka, kuma abin da ya fito da ita shi ne da'awa guda mai sauƙi: ba sai kana da kuɗi ba za ka mallaki jirgin da zai tashi. Ka sayi allon fom mai takarda a fuskokinsa biyu, irin wanda a da kantunan Dollar Tree suka daɗe suna sayarwa a kan dala ɗaya, ka sauke zanen kyauta, ka yanka da reza, ka liƙa da gam mai zafi, shi ke nan.

Cikin jiragen da suka fitar, wanda zan duba a nan shi ne FT Spitfire, wanda David Windestål, ɗan ƙasar Suwidin, ya zana a 2013. Kwaikwayo ne na jirgin yaƙin Birtaniya da R. J. Mitchell ya tsara, wanda ya fara tashi ranar 5 ga Maris 1936. Na gaskiyar, fukafukansa daga wannan ƙarshe zuwa wancan mita 11.2 ne. Na fom ɗin mita ɗaya ne da 'yan kai, wato kusan kashi ɗaya cikin goma. Hukuncina a kansa shi ne: jirgin yana tashi da kyau ne daidai a wuraren da ya ƙi bin Spitfire na gaskiya, amma bidiyon haɗa shi yana koyar da hannu fiye da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai koyo, da zarar ya fara "gyara" shi don ya ƙara kama da na asali, sai ya ruguza abin da ke riƙe da shi a sama ba tare da ya sani ba.

Jirgi ba hoto ba ne da za a rage

Bari mu fara da lissafin da ke ƙarƙashin komai. In ka rage tsawon abu sau 10, faɗin fuskarsa zai ragu sau 100, nauyinsa kuma sau 1,000 in dai da kaya iri ɗaya aka yi shi. Spitfire na farkon yaƙi, da mai da harsashi da matuƙi, ya doshi tan 3, fukafukansa kuma murabba'in mita 22.5. To, kwafi na haƙiƙa a kashi ɗaya cikin goma zai yi kilo 3 a kan fiffike mai murabba'in mita 0.22.

Me hakan ke nufi a fili? Kowane jirgi yana da mafi ƙarancin gudun da in ya sauka ƙasa da shi, iska za ta daina bin bayan fiffiken, ƙarfin ɗagawa ya yanke, jirgin ya rikito. In muka sa waɗannan alƙaluma cikin lissafin ƙarfin ɗagawa, jirgi mai kilo 3 yana buƙatar kusan kilomita 54 a awa kafin ya iya zama a sama kwata-kwata. In nauyin ya dawo giram 800, wanda shi ne yankin da jiragen fom masu wannan girma suke, gudun ya koma kusan kilomita 28. Na farkon, ba mai iya jefa shi da hannu. Na biyun kuwa, ko yaro zai iya.

A nan zanen ya yi daidai ƙwarai. Babu tayoyi, da ciki yake sauka a kan ciyawa. Gangar jikin akwati ce mai kusurwa huɗu, sai aka lulluɓe samanta da kwali mai laushi don ido ya ga zagaye. Injin da kayan wutarsa suna cikin wani ƙaramin akwati da ake zarewa a kai wa wani jirgin, tsinken tsire ne ke riƙe da shi. Duk abin da ido ba zai gani daga mita 30 ba, an yar da shi. Wannan ba rowa ba ce, injiniyanci ne.

Iska ba ta raguwa tare da jirgin

Abu na biyu ya fi wannan daɗi. Kana iya rage fiffike, amma ba ka iya rage iska. Danƙonta yana nan yadda yake. Ma'aunin da ke gaya mana yadda iska za ta ɗauki fiffike shi ne lambar Reynolds, mai sunan Osborne Reynolds da ya yi gwajinsa na ruwa cikin bututu a 1883. Ana ninka gudu da faɗin fiffike, a raba da danƙon iska. Spitfire na gaskiya, faɗin fiffike kusan mita 2, yana tafiyar mita 100 a daƙiƙa, lambarsa ta kai miliyan 13. Na fom, faɗi santimita 20, gudun mita 15 a daƙiƙa, 200,000 ne kacal. A bakin fiffiken inda ya tsuke, kuma lokacin sauka, tana iya faɗowa ƙasa da 100,000.

A irin wannan ƙaramar lamba, siririyar iskar da ke manne da fatar fiffike ba ta da ƙarfin bin lanƙwasa mai kauri, sai ta saki tun da wuri. Bajamushe F. W. Schmitz ya nuna haka a littafinsa kan kimiyyar iskar ƙananan jirage a 1942: in lambar ta yi ƙasa sosai, siririn faranti mai ɗan lanƙwasa yana doke fiffike mai kauri da santsi irin na manyan jirage.

Yanzu dubi fiffiken FT Spitfire. Allon fom ne mai kaurin kusan milimita 5 aka naɗe shi a kan ƙashin baya, samansa ba santsi ba, kusurwa-kusurwa ne. A can bakinsa kuma babu fatar ƙasa sam, faranti ɗaya ne mai lanƙwasa, cikinsa a buɗe. Mai son kamanni zai ga kamar aikin da ba a ƙarasa ba. Alhali wannan buɗaɗɗen bakin shi ne ke jinkirta yankewar ɗagawa a can, ta yadda in gudu ya ragu, gindin fiffiken ne zai fara saki, jirgin ya sunkuyar da hanci a hankali maimakon ya juye gefe guda. Mitchell da abokin aikinsa Beverley Shenstone sun magance wannan matsalar ta wata hanyar: sun murɗa fiffiken na gaskiya, kusurwarsa tana raguwa daga gindi zuwa baki. Matsala ɗaya, magani biyu, kowanne daidai da girman jirginsa.

Inda aka bar mai koyo a duhu

To ina aibin? Na farko, maganar araha. Allo uku ko huɗu, gam da tsinke, ai ba su kai komai ba. Amma gangar jiki ce kawai wannan. Akwai injin lantarki, da na'urar sarrafa gudunsa da ake kira ESC, da sarbo, wato ƙananan injinan da ke motsa jela da gefen fukafukai, da batirin LiPo da cajarsa ta musamman, da rimot da abin karɓar saƙonsa. Waɗannan su ne kuɗin, kuma sun ninka na fom sau da yawa. Gaskiya akwatin inji mai zaruwa amsa ce ga wannan, tunda kayan wuta ɗaya za su yi wa jirage da dama aiki. Sai dai amfanin yana farawa ne daga jirgi na biyu. Mai shigowa yau, wanda zai yi odar kayan daga waje da dala, bai kamata ya yi kasafinsa da farashin fom ba.

Na biyu, kuma mafi girma, shi ne gyare-gyare. Al'adar gidan ita ce ka gina, ka tashi, ka faɗi, ka gyara, ka sake. Al'ada ce mai kyau, ta cire wa mutane da yawa tsoro. Ana kuma nuna maka inda za ka ɗora yatsu a ƙarƙashin fiffike don duba cibiyar nauyi. Abin da bidiyon haɗawa bai ba ka ba shi ne farashin kowane ƙari a lissafe. Bari mu yi shi a nan.

Ka ce ka ƙara tayoyi, fenti riɓi biyu, matuƙi na roba, da gam a ko'ina "don ƙarfi". Giram 200 a kan 800. Gudun yankewar ɗagawa yana bin tushen murabba'in nauyi, don haka ya ƙaru da kashi 12 cikin 100. Ƙarfin da jirgin zai bugi ƙasa da shi kuwa ya ƙaru da kashi 56, saboda nauyi da gudu duk sun hau. Ka ga gam ɗin da ka ƙara don kada ya karye, shi ya ƙara masa dalilin karyewa.

Sai cibiyar nauyi, wadda a irin wannan fiffike take zama tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na faɗinsa daga gaba. Spitfire gajeren hanci gare shi da doguwar jela, domin injin Rolls-Royce Merlin mai fiye da kilo 600 yana zaune a gaba. Injin ƙaramin jirgin kuwa bai kai wayar hannu nauyi ba. Saboda haka jikinsa tun asali mai son rinjaya baya ne. In jela tana santimita 60 bayan cibiyar, hanci kuma santimita 20 gabanta, giram 10 na fenti a jela sai an biya shi da giram 30 a hanci. Giram 10 ya zama 40 ke nan. In kuma ba a biya ba, jirgi mai nauyin baya ba ya jin magana: ka taɓa sanda kaɗan, ya miƙe tsaye, ya juyo ƙasa.

Haka farfela. Mutum ya ga jirgi ya yi nauyi, sai ya cire mai inci 9 ya sa mai inci 10. Inci ɗaya ne fa. Amma wutar da farfela ke ja tana hawa ne kusan da faɗinta ninki huɗu a kan kansa, wato a juyi iri ɗaya ƙarin ya haura kashi 50 cikin 100. ESC ɗin da ke aiki lafiya jiya sai ya yi hayaƙi a sama. Kuma a irin wannan haɗi shi ne ke ba sarbo wuta, don haka in ya mutu, tuƙi ma yana iya mutuwa. Jirgi mai kusan kilo ɗaya da farfela mai kaifi, ba mai tuƙi, ba abin wasa ba ne in akwai yara a filin.

Na uku, kayan da kansu 'yan wurinsu ne. Ƙarfin allon fom yana cikin takardar da ke fuskokinsa, in ta jiƙa ta ɓare, fiffike ya zama kamar tabarma. Flite Test da kansu sun san haka, shi ya sa daga baya suka fito da allo mai ruwan ƙasa da ke jure ruwa. Kuma ba kowane allon fom ne ke da sauƙin nauyi irin na Dollar Tree ba. Wanda ya samu mai nauyi a shagon kayan zane ya bi zanen sak, zai ƙare da jela mai nauyi tun kafin ya taɓa fenti. Ga mai haɗawa a Kano ko Maradi akwai ƙari: gam mai zafi yana laushi in aka bar jirgi cikin rufaffiyar mota a rana, batirin LiPo ma ba ya son haka. Iskar Kano a rana mai digiri 40, ga tudun kusan mita 480, ta fi ma'aunin bakin teku sauƙi da kusan kashi 13 cikin 100, wanda ke ɗaga gudun yankewar ɗagawa da kusan kashi 7. Wannan yana hawa ne a kan wancan 12 na baya.

Hukunci

FT Spitfire zane ne mai gaskiya. Ya san ba Spitfire ba ne, ya ɗauki siffar da ido ke ganewa, wato fiffiken nan mai zagayen ƙwai, ya bar sauran ga dokokin ƙaramar lambar Reynolds. Ba jirgin farko ba ne, wanda bai taɓa tuƙi ba ya fara da mai fiffike a sama irin su FT Tiny Trainer, wanda ke daidaita kansa in an saki sanda. Amma a matsayin jirgi na biyu ko na uku, da wuya a samu darasin kimiyyar iska mai rahusa kamarsa.

Sharaɗin shi ne a haɗa shi yadda aka zana, a tashe shi, sannan a fara canji ɗaya-ɗaya. Kafin a sayi fenti, a sayi ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. A auna jirgin kafin kowane gyara da bayansa, a sake ɗora shi a kan yatsu, a rubuta a takarda. In an canja farfela, a auna wutar da injin ke ja a ƙasa kafin a jefa shi sama. Kuma a bar bakin fiffiken nan a buɗe, ko da ido na ƙaiƙayi.