Mai jiki ma zai iya hawan fiksi, in ya bar wa samari yayinsu

Duk mutumin da ya haura kilo 100 ya kuma nuna sha'awar keken fiksi, amsar da ya fi samu ita ce ya haƙura, wannan na sirara ne, ya je ya nemi keken hawan duwatsu mai kaurin taya. Masu wannan shawara ba mugunta suke nufi ba, amma a ganina sun haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Akwai keken kansa, akwai kuma yayin da aka lulluɓe shi da shi tun farkon shekarun 2000. Keken yana ɗaukar mai nauyi ba tare da gardama ba. Yayin ne bai dace da shi ba, kuma in za a faɗi gaskiya, wani ɓangarensa bai dace da kowa ba.

A keken da muka saba akwai firiwil a tayar baya, shi ke ba mahayi damar tsayar da ƙafa yayin da keke ke ci gaba da tafiya. Fiksi ba shi da wannan. Haƙorin baya a ɗaure yake da cibiyar taya, muddin taya na juyawa feda na juyawa, ko a gangara ko a kwana. Ba sabon abu ba ne. Keken Rover da John Kemp Starley ya fitar a Coventry a 1885, wanda daga shi kekunan yau suka samo siffarsu, haka yake; sai a ƙarshen shekarun 1890 firiwil ya bazu. Wurin da tsohon tsarin ya ci gaba da rayuwa shi ne filin tsere na da'ira, har da tseren keirin da Japan ta fara a Kokura a 1948. Daga filin tseren ne masu kai saƙo a keke a New York da San Francisco suka ɗauko shi, don ba shi da tarkacen da zai lalace ko ɓarawo ya kwance. Sai samarin gari suka ga ya yi musu kyau. Fim ɗin MASH na mahayan fiksi ya fito a 2007, aka fara tseren fiksi na Red Hook a Brooklyn a 2008, Hollywood ta biyo baya da fim ɗin Premium Rush a 2012. Abin da mai kai saƙo ya zaɓa don sauƙin gyara ya koma kwalliya.

Wanda ke tsoron cewa fiksi zai karye a ƙarƙashinsa ya fara duba waɗanda aka ƙera shi dominsu. Masu gajeren tsere a filin da'ira su ne ƙarfafan cikin 'yan tseren keke. Chris Hoy na Birtaniya, mai lambobin zinare shida a gasar Olamfik, ya haura kilo 90 lokacin da yake tashe, kuma ƙarfin da irinsa ke dankara wa feda a tashin farko ya ninka abin da mai tafiya kasuwa zai taɓa yi. Akwai kuma wani dalili da ya shafi ƙirar taya. Keke mai giya goma ko sha ɗaya dole ya samar wa tarin haƙoran wuri a gefen dama, don haka wayoyin tayar baya na wannan gefen sun fi miƙewa tsaye sun kuma fi ɗaurewa, na hagu kuma sakwa-sakwa. Wannan rashin daidaito shi ne raunin tayar, kuma wayar baya ce ke fara tsinke wa mai nauyi. Tayar fiksi haƙori ɗaya take ɗauke da shi, wayoyinta na dama da na hagu ɗaurinsu kusan ɗaya ne. In aka haɗa ta da waya 36 a hannun wanda ya iya, ta fi ta keken tsere mai tsada juriya. Sarƙarsa ma ta fi kauri, kuma a miƙe take tafiya. Mai karatu da ya taɓa ganin keken Raleigh ko Phoenix ɗauke da buhun masara ya san cewa giya ɗaya ba ta hana keke ɗaukar kaya, ko da yake waɗannan suna da firiwil da birki biyu, kuma a nan ne zancen yake.

Mafi munin abin da yayin ya kawo shi ne cire birki. A filin da'ira ba a sa birki saboda kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mota, babu mai tsallakawa, kuma birkin mutum ɗaya zai zubar da na bayansa. Samarin titi sun kwaso wannan ba tare da filin ba, suka ce ƙafa ita ce birki: a danne feda ta baya, ko a kulle tayar ta ja ƙasa. Matsalar ita ce duk lokacin da keke ke rage gudu nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sauƙi ta rasa riƙon kwalta. Shi ya sa birkin gaba ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kuma mai dogaro da tayar baya kaɗai yana buƙatar kusan ninki biyu na tazarar. Wannan ya shafi siriri da mai jiki duka. Abin da ya ƙaru ga mai jiki shi ne ƙarfin da gwiwarsa za ta yi kokawa da shi yana ƙaruwa daidai da nauyinsa, kuma kulle tayar da ya danne da kilo 110 ya fi wuya nesa ba kusa ba. Dokar Birtaniya ta wajabta birkin gaba a kan fiksin da za a hau a titi. A Fabrairun 2016 wani matashi ɗan shekara 18 a kan keken tsere marar birkin gaba ya buge wata mata a Old Street da ke Landan, ta rasu, kotu ta yanke masa wata 18 a shekarar da ta biyo. Masu ra'ayin riƙau za su ce birki yana ɓata tsabtar keken, yana raba mahayi da jin taya a ƙafarsa. Ban ga yadda ƙarfen da ke manne a gaba zai hana mutum rage gudu da ƙafa in ya so ba. Zaɓi kawai ya ƙara masa.

Siririyar taya mai faɗin milimita 23 ita ma gadon filin tsere ce, inda daɓen yake sumul. A titi, mai nauyi sai ya cika ta da iska har ta yi tauri ko kuwa ya riƙa kai ta faci duk ramin da ya faɗa. Mai milimita 32 ko 35 ta warware wannan, sai dai yawancin kekunan da aka ƙera wa filin da'ira ba su bar mata wuri ba, don haka tun wajen saye ake dubawa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na gwiwa, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinsa ba. Fiksin kanti yakan zo da haƙori 46 ko 48 a gaba, 16 a baya. A 48 da 16, juyin feda ɗaya yana tura keke kimanin mita 6.3. Tayar da wannan daga tsaye a kowace fitilar hanya, da jiki mai nauyi, aiki ne da gwiwa ke biya. Amma haƙori abu ne da ake canzawa da kuɗi kaɗan. In aka koma 42 da 18, juyi ɗaya ya zama kimanin mita 4.9, tashi ya yi sauƙi, ƙaramin tudu ya hawu. Matsalar wannan tana wajen gangara: a gudun kilomita 40 cikin awa ƙafa za ta juya kusan sau 135 a minti, kuma mai nauyi ya fi kowa saurin kaiwa wannan gudun. Mai birki zai riƙe keken a gudun da ƙafarsa za ta iya bi. Marar birki sai dai ya yi ta addu'a.

Ga wanda garinsa tudu da gangara ne kamar San Francisco, na yarda keke mai giya da yawa ya fi masa, domin aikin hawa yana ƙaruwa da kowane kilo, kuma babu haƙori ɗaya da zai yi wa hawa da sauka adalci a lokaci guda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tura duk mai jiki wajen keken duwatsu kamar shi kaɗai ne zai ɗauke shi. Kamfanin Trek yana rubuta iyakar kilo 125 ga kekunansa na tseren titi, 136 ga yawancin na duwatsu da na zirga-zirgar gari, kuma lissafin ya haɗa keke da mahayi da kayansa. Bambancin kilo 11 ne. Keken duwatsu mai araha kuma yakan zo da sifirin a gaba wanda aka auna wa matsakaicin mutum, mai nauyi na hawa ya nutse, ga tayar mai ƙuraje da ke shan ƙarfi a kwalta ba gaira ba dalili. A garin da yake shimfiɗe, fiksi na ƙarfe mai birki biyu da faffaɗar taya zai fi wannan daɗin tuƙi, kuma kanikawa ba za su riƙa ganinsa sosai ba.