Wa Zai Zama Basamariye? Sharhi Kan Wani Wasan Yara a Garwa



Ni dai Musulmi ne, aikina kuma rediyo. To amma a Garwa ba ka isa ka ce ba ruwanka da abin da ke gudana a gidan maƙwabcinka Kirista ba, tunda kasuwa ɗaya muke ci, ruwan Binuwai ɗaya muke sha. Shi ya sa da wata maƙwabciyarmu, malamar makarantar Lahadi, ta gayyace ni kallon wasan kwaikwayon da ta shirya da 'yan ajinta, ban yi nawa ba na ɗauki rikodata na tafi. Ajin nata haɗe yake. Akwai yaran da ba su da wata lalura, akwai kurame biyu, da yarinya makauniya, da yaro mai jinkirin fahimta, da wani da shan-inna ta taɓa wa ƙafa. Labarin da suka nuna shi ne misalin Basamariye mai kirki, wanda ke cikin Linjilar Luka, sura ta 10.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a taƙaice. Wani masanin Attaura ne ya tambayi Annabi Isa (AS), wanda Kirista ke kira Yesu Almasihu, ko wane ne maƙwabcin da aka ce a so. Sai ya ba shi labarin matafiyin da ya taso daga Urushalima za shi Yariko, 'yan fashi suka tare shi, suka yi masa tsirara, suka bar shi rai a hannun Allah. Firist ya zo ya ratse, wani mai hidimar Haikali ma ya ratse. Sai wani mutumin Samariya ya tsaya, ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu kuɗin jinya.

Bari in fara da yabo, domin Malama ta cancanta. Misali irin wannan magana ce mai hawa biyu, akwai labarin da ake ji, akwai ma'anar da ke ƙarƙashinsa, kuma yaro mai jinkirin fahimta yakan tsaya ne a hawan farko. Malama ta gane haka. Ba ta yi dogon wa'azi ba. Ta kawo tsumma da man gyaɗa da kwabbai biyu, ta sa kowa ya taɓa, har da makauniyar nan. Ta ajiye Faransanci, ta yi magana da Fulatanci da Hausa, tana haɗawa da alamun hannu saboda kuramen. Hanyar Yariko kuwa sai ta mai da ita hanyar Garwa zuwa Ngaundare, 'yan fashin suka zama 'yan tare hanyar nan da ake kira zargina, waɗanda duk wanda ya yi wayo a arewacin Kamaru a shekarun 1990 bai manta da su ba. Iyaye suka yi ta gyaɗa kai. Labarin ya zo gida.

To ina matsalar take? Tana wajen rabon matsayi. Yaron nan mai shan-inna shi aka kwantar a ƙasa a matsayin wanda aka yi wa fashi. Mai jinkirin fahimta shi ne jaki. Kuramen biyu su ne 'yan fashi, wai tunda ba su da abin faɗa. Makauniyar aka ba ta tafi. Firist da mai masauki da Basamariyen kansa duk yaran da ba su da lalura ne. Wato darasin da ido ya gani, ko da baki bai faɗa ba, shi ne alheri abu ne da mai lafiya ke yi, mai lalura kuma nasa shi ne ya kwanta ya jira.

A ganina wannan karatu ya saɓa wa labarin kansa. Ƙarfin misalin ai yana ga wanda ya tsaya ne. A zamanin, Yahudawa ba sa ga-maciji da Samariyawa, kallon ƙasƙanci suke yi musu, ba a zaton wani alheri daga gare su. Wanda aka raina shi ne ya zama gwarzon labarin. Kuma a ƙarshe an juya wa mai tambaya tambayarsa: shi ya nemi sanin wa zai taimaka, aka mai da shi ga tunanin wa ya nuna halin maƙwabtaka. Yanzu ku dubi ajin nan. Wane yaro ne aka saba ratsewa a wuce shi? Wane ne ba a zaton komai daga gare shi? Shi ne Basamariyen ajin, ba wanda ya fi kowa zaƙin murya ba.

Na faɗa wa Malama haka bayan an watse. Ta ce, "Malam, gaskiyarka, amma ka san iyaye sun zo kallo. Idan na ba shi babban matsayi ya rikice, aka yi masa dariya, wa na cuta?" Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba, domin ita ke tare da yaran kowane mako, ni kuwa baƙon yini ɗaya ne. Sai dai Basamariyen labarin kusan duk aikinsa da hannu ne: ya durƙusa, ya shafa, ya ɗaure, ya ɗauka, ya biya. Maganarsa 'yar kaɗan ce ga mai masauki. Babu matsayin da ya fi dacewa da kurma ko mai jinkirin fahimta kamar wannan.

Tarihi ma yana bayan wannan ra'ayi. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan Amurka, wanda sanƙarau ya kurmantar yana ɗan shekara 11, ciwon da mu a nan muka sani sarai duk lokacin bazara. Ƙungiyoyin mishan sun ƙi ɗaukarsa, sai ya kafa tasa. A 1957 ya buɗe makarantar kurame a Gana, kuma kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashen Afirka 13, har da Nijeriya da Kamaru. Da an bar shi kwance a gefen hanya yana jiran tausayi, da wa zai koyar da waɗannan yara?

Kada mu Musulmi mu ɗauka wannan gyara na maƙwabta ne kaɗai. Muna karanta Suratu Abasa, mun san an saukar da farkonta ne game da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho. Amma sau nawa muke tuna cewa ladani ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin sa a kan al'amuran Madina idan zai yi tafiya? Mu kuwa ƙoƙon bara muke miƙa wa makahon yaro, mu ce mun yi sadaka. Kamaru ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu tun watan Afrilu na 2010, amma doka ba ta raba matsayi a wasan yara, mu ne muke rabawa. Ni kaina da nake wannan suka, shekara nawa ina shirin yara a rediyo ban taɓa tunanin cewa kurma ba ya cikin masu saurarena ba?

Wani abu ya faru a ranar da ba ya cikin tsarin wasan. Da aka gama, aka manta da yaron da ke kwance, kowa ya nufi wajen alewa. Wanda ya koma ya ɗauko masa sandarsa ya miƙa masa shi ne yaron da aka mayar jaki. Babu wanda ya tafa masa. Malama ta gani, ni ma na gani, kuma ta ce mini a wasa na gaba shi za ta ba tsumma da man gyaɗa.

Allah Ya sa mu dace, amin.